Daga Nyanya Zuwa Duwatsun Azbin

Ku da kuke zaune a bencin nan kuna miƙa wa juna waya, kuna kallon mota tana hawa tudun rairayi kuna cewa ai wannan ba aiki ba ne, yawon shan iska ne, ku matso ku ji. Ni na yi wannan aikin tun kafin a haifi yawancinku. Ba zan ce muku babu daɗi a cikinsa ba. Akwai, har ya fi yadda kuke zato. Sai dai hoton bai nuna muku shebur ɗin da ke ɗaure a bayan motar ba, bai kuma nuna muku tafin hannun wanda ya riƙe shi ba.

Sunana Sale, mutumin Abaji ne ni. Lokacin da aka fara sarar dajin nan za a gina sabon gari a kwaso gwamnati daga Ikko, na taso na zo na zama karen mota a wata tifa mai ɗebo yashi. Nyanyar nan da yau mota ba ta motsi saboda cunkoso, a lokacin barikin leburori ce, ɗakunan kwano a jere. Ubangidana bai bar ni na taɓa sitiyari ba sai da na iya cire taya, in zare tub, in yi masa faci, in mayar, ba tare da ya tashi daga inda yake kishingiɗe ba. Daga nan na samu tuƙi a wani kamfanin gine-gine, aka ba ni jif ina ɗaukar wani injiniya ɗan Italiya da muke kira Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa.

A yadin kamfanin akwai wani maigadi Buzu, Baba Agali. Dogo ne, siriri, ba ka ganin komai a fuskarsa sai idanu a tsakanin rawani. Fari ne ya cinye masa raƙuma, ya gangaro kudu neman abinci. Kafin nan madugu ne, ya sha jan ayarin gishiri daga Azbin har Kano. Mu dai shayinsa muka sani. Wata rana Mai Lofe ya tsaya ya sha kofi ɗaya, ya tambaye shi garinsu, ina fassarawa. Baba Agali ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana masa hanya da yatsa: ga Kano, ga Damagaram, ga Agadas, ga duwatsu, ga Timiya inda lambunsa yake. Mai Lofe ya daɗe a tsugune yana kallon zanen. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, sai ya ce min, "Sale, shirya mota. Za mu kai Baba gida."

Wannan tafiyar ita ce makarantata. Tun a Abuja Baba Agali ya sa na sauke rabin kayan da na loda. Na ɗauko akwatin sanyi, kujerun zama, har da ƙaramin janareta. Ya zagaya motar ya ce, "Ɗan Abaji, duk abin da ka ɗora, kai za ka haƙa shi daga rairayi." Abin da ya bari shi ne abin da na riƙa ɗauka har na bar sana'ar: jarkokin mai, jarkokin ruwa, shebur biyu, famfon taya na ƙafa, kayan faci, fambel da baƙin mai na ajiya, katako mai faɗi da za a ɗora jak a kai don kada ya nutse, sai faranta biyu na ƙarfe, dogaye masu huda-huda, waɗanda ake shimfiɗa wa taya idan mota ta kafe. Ya kuma rataya salkar ruwa ta fatar akuya a jikin motar ta waje. Iska tana bugunta, ruwan ya yi sanyi kamar na randa. Akwatin sanyin nan ko kusa.

Hanyar kuwa, Allah ya yi halitta. Ka bar dutsen Zuma a bayanka, ka wuce Kaduna, ka kwana Kano, ka bi ta Daura ka tsallaka iyaka. Tun daga Damagaram za ka ga itatuwa suna gajarcewa, suna ja da baya da juna, har su koma ƙaya. Bayan Tanut kwalta takan ɓace ta dawo, ta sake ɓacewa. Wannan ita ce tsohuwar hanyar fatake, kuma duk inda ka ga ta karkace ba gaira ba dalili, to rijiya ta nufa. Baba Agali ya san sunan kowace rijiya da ɗanɗanon ruwanta. Kafin Agadas akwai wani dogon gangaren dutse da ya tokare gabas da yamma, idan ka hau kansa ka leƙa sai ka ga ƙasa ta shimfiɗe ba iyaka, raƙuma a cikinta kamar tururuwa. Daga nan sai hasumiyar masallacin Agadas ta ɓullo, ja, da itatuwa a soke a jikinta. Arewa da garin kuma duwatsun Azbin ne, baƙaƙe ƙirin kamar an ƙona su, da kwazazzabai a tsakaninsu masu zurfin da rana ba ta leƙa ƙasansu sai ta take tsaka. Kana cikin wannan ƙonannen dutse sai ka sha kwana, ka ga Timiya: dabino, lemo, rumman, kore shar, ruwa yana gangarowa daga dutse. Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa ya manta bai mayar ba.

Tuƙin rairayi ba tuƙin kwalta ba ne, ku saurara da kyau. Abu na farko, ka rage iskar taya har ta yi tumbi, don ta taka rairayin da faɗi. Da ka fito kan duwatsu kuma dole ka sauka ka mayar da iskar da famfon ƙafa, taya huɗu, a cikin rana, in ba haka ba dutse ya yanka ta. Wani wurin za ka yi haka ka sake yi kafin azahar. Na biyu, rairayin safe yana da ƙarfi, na rana ya saki jiki, don haka tafiya da sassafe ake yi. Na uku, idan ka ji mota ta fara nutsewa, ɗaga ƙafarka daga totur. Yaro sabon hannu sai ya ƙara wuta, ya binne ta har ciki. Baba Agali bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa, amma shi ya koya min duk wannan. Yana zaune a gefena, hannunsa ɗaya a kan gwiwa, sai dai ya karkata yatsa hagu ko dama. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai sau ɗaya, zan kuma zo kan wannan.

Da kwangilar Mai Lofe ta ƙare zai koma ƙasarsu, ya bar mana jif ɗin, ni da Baba Agali. Lokacin kuwa ana ta kwaso ma'aikatu da ofisoshin jakadanci daga Ikko, gari ya cika da baƙi waɗanda idan Juma'a ta yi ba su san inda za su sa kansu ba, don Abujar lokacin ba ta da komai sai faffaɗan titi da ciyawa. Labarinmu ya bazu daga baki zuwa baki. Muka bar kamfani muka kama wannan. Na ɗauki mutane iri-iri. Akwai mai tsayar da kai a kan kowane dutse ya ɗauki hoto. Akwai wata tsohuwa Baturiya da ba ta ɗauki hoto ko ɗaya ba, sai dai ta zauna ta zana da fensir. Akwai wanda ya yi ta mita har muka isa bakin kwazazzabo, daga nan bai ƙara cewa uffan ba. Aikin direba a nan ba tuƙi kaɗai ba ne. Kai ne bakanike, kai ne kuku, kai ne tafinta, kai ne mai lura da wanda ya daina shan ruwa don kunyar tsayar da mota.

Amma a cikinsu duka babu wadda nake tunawa kamar Dakta Bisi. Bayarabiya ce, likita, an dawo da ita daga Ikko tare da ma'aikatarsu. 'Yar ƙaramar mace, ga furfura ta fara fito mata. Ta ce tun tana makaranta ta ga hoton hasumiyar Agadas, ta yi wa kanta alkawari. Ta zo da mijinta, Oga Tunde, mutum mai jiki da raha, gwiwarsa ɗaya tana ba shi wahala. Hutunta ya faɗo a ƙarshen damina. Da na gaya wa Baba Agali, sai ya ce, "Za mu je. Amma ba za mu zauna a cikin kori ba, ko don shan shayi."

Kori shi ne busasshen rafin da ke bi ta ƙasan kwazazzabo. A Azbin sau da yawa shi ne hanyar, don hagu dutse ne, dama dutse. Mun bar Agadas lafiya, mun kwana a hanya, washegari da hantsi muka shiga wani kori mai faɗi da sai an bi cikinsa ɗan nisa kafin a samu mahaura. Sama tas take, babu ko ɗigon gajimare a kanmu. Can nesa dai, a kan manyan duwatsun arewa, akwai wani ɗan baƙi-baƙi. Muna tsakiyar korin sai na ji bayan motar ya zauna. Saman rairayin busasshe ne, ashe ƙarƙashinsa jiƙe yake, laka ce mai santsi. Na ɗaga ƙafa, na sa giyar taimako, wadda ke sa ƙafafu huɗu su ja, na gwada a hankali. Ko motsi.

Muka sauka. Na ɗauki shebur ɗaya, Oga Tunde ya ɗauki ɗaya yana wasa yana cewa yau zai rage tumbi. Dakta Bisi ta durƙusa tana kwashe laka da hannu daga gaban taya. Baba Agali bai taɓa shebur ba. Ya yi gaba kaɗan, ya sassauta rawaninsa daga kunne, ya tsaya. Sai ya juyo ya daka tsawa, muryar da ban san yana da ita ba: "Sale! Faranta! Ruwa yana zuwa!"

Ni ban ji komai ba tukuna. Oga Tunde ya ɗaga kai ya kalli sama ya ce, "Wane ruwa, Baba?" Amma bai tsaya jiran amsa ba, ya ci gaba da haƙa, har ya fi da. Na kwance farantan na cusa su a ƙarƙashin tayoyin baya. A lokacin ne na ji shi, wani gurnani can ƙasa-ƙasa, kamar tirela tana tahowa daga nesa. Ruwan da ya sauka a kan duwatsun can ne ya tattaru ya biyo korin.

Baba Agali ya ce mu bar motar mu hau dutse. Na duba gefen: tsaye yake kamar bango, kuma mahaurar tana gaba. Mu uku za mu iya kaiwa da gudu, amma Oga Tunde da gwiwar nan ba zai kai ba. Motar ce kaɗai za ta fitar da shi. Ga shi kuma tana bukatar turi, turin ƙarti, ni kuwa ina cikin masu ƙarfin. Na kalli Dakta Bisi na ce, "Madam, kin iya mota?"

Ta ce, "Shekara da shekaru ina tuƙi a Ikko."

Na ce, "To shiga. Giya ta biyu. Ki saki kuloci a hankali. Idan ta tashi kada ki tsaya, kada ki taɓa birki, ko kin ga mun faɗi. Sai kin taka tsakuwa, can inda itacen ƙayar nan yake."

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta goge hannunta a zane ta hau, ta jawo kujera gaba don ƙafarta ta kai. Mu uku muka sa kafaɗa. Tayoyin suka juya, suka watsa mana laka a fuska, suka kama farantan. Motar ta yi nishi ta ɗago. Ta tafi da ita daidai yadda na ce, ba gaggawa, ba tsoro, injin yana kuka murya ɗaya. Da ta taka tsakuwa mai ƙarfi sai ta tsaya, ta sa ribas, ta dawo baya har iyakar inda ƙasa ke ɗaukarta, don ta rage wa mijinta tafiya. Wannan ban gaya mata ba, ita ta gani. Ni da Baba Agali muka saƙalo hannuwan Oga Tunde a wuyanmu muka ja shi, muka tura shi ciki, muka maƙale a jikin ƙofa. Ta haura da mu.

Muna kaiwa sama ruwan ya iso. Ba ruwa ne ya fara zuwa ba, tarkace ne, itatuwa da kumfa da duwatsu suna gungurowa, sannan jan ruwa ya biyo baya ya cika korin daga bango zuwa bango. Inda motar ta kafe ya zama tsakiyar kogi. Farantanmu da shebur ɗaya suka tafi. Rana kuwa tana nan tana haskawa a kanmu kamar ba abin da ya faru. Dakta Bisi ta kashe mota, ta fito, ta duba gwiwar mijinta, ta ɗaure masa ita da ɗankwalinta. Sannan ta zauna a kan dutse. Baba Agali ya hura gawayi ya dafa shayi. A al'adarsa ni yake fara miƙa wa kofi, don ni ne direba. Ran nan ya tsallake ni ya miƙa mata. Ya ce, "Direba, bismilla."

Ba kowace shekara ce ta yi mana kyau ba. Rikici ya tashi a arewacin Nijar, aka rufe hanyar Azbin, baƙi suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Jif ɗin da ta saba da sahara ta koma ɗaukar doya daga kasuwar Karshi, ga ta da shan mai kamar rairayi. Baba Agali ya koma gadi a wani gida, rediyo manne a kunnensa. Wata safiya ya same ni a tashar nan, ya ce saƙo ya iso masa: mijin 'yarsa Fatimata ya tsere saboda kame-kamen da ake yi, an bar ta ita kaɗai a Timiya da ƙananan yara. Bai roƙe ni ba. Ya dai faɗa, ya tsaya. Na ce, "Baba, bari in sauke doyar nan."

Wannan ce tafiyar da muka yi ba baƙo ko ɗaya. Daga Damagaram zuwa Agadas shinge ne bayan shinge. A kowanne sai an sauke mana kaya, a sa Baba Agali ya kwance rawaninsa a gaban yara sa'o'in jikokinsa. Yakan kwance, a gama, ya naɗa abinsa a nutse, ya ce musu sannunku da aiki. A Agadas aka ce babu motar da za ta wuce arewa. Ya nemi wani tsohon abokin ayarinsa ya ari raƙumi. Ya ce in jira shi. Na samu wani gareji na riƙa taya su aiki, ina kwana a cikin mota, ina kallon hanyar arewa kullum. Har na fara tunanin abin da zan je in gaya wa mutanensa a Nyanya.

Sai wata rana da la'asar wasu masu jakuna suka shigo gari da albasa, a cikinsu akwai mace da yara uku, ta zo tana tambayar Ɗan Abaji. Fatimata ce. Na leƙa bayanta ban ga kowa ba. Ta ce, "Baba ya ce ka kai mu wajen matarka. Shi ba zai zo ba. Ya ce idan ya bar lambun, rijiyar za ta rufta, dabinon su mutu, yaran nan su rasa abin da za su koma wa." Ta miƙo min ƙullin rumman. Na ɗebe su muka juyo kudu. Suka zauna da iyalina a Nyanya, yaran suka shiga makaranta tare da nawa, har suka iya Hausar barikin nan da ɗan Turancinta.

Da aka yi sulhu hanya ta buɗe, na mayar da su. Karo na farko ke nan da na shiga duwatsun Azbin ba kowa a kujerar gefena, sai yaro yana barci. Na rage iska inda ya kamata, na ƙara inda ya kamata, muka isa. Mun samu Baba Agali a bakin rijiya, yana kora raƙumi yana jawo guga, ruwa yana bin kwalbatin ƙasa zuwa gindin itatuwa. Ya rame, ya ranƙwafa, amma lambun kore shar, babu itace ɗaya da ya mutu. Mijin Fatimata ma ya dawo.

Na kwana biyu. Ran da zan tafi, da yamma ta fara yi, ya ce, "Ɗan Abaji, kai ni yawo."

Na buɗe masa ƙofar gaba. Ya girgiza kai, ya buɗe ta baya da kansa, ya shiga ya zauna inda baƙi ke zama, ya miƙe ƙafa. Na ce, "Ina muka nufa, Baba?" Ya ce, "Kai ne mai hanya. Kai ni inda kake kai su."

Na kai shi wani kwazazzabo da ke yamma da garin, inda bangon dutse ke tashi sama hagu da dama, rana tana faɗuwa a jikin na gabas. Wurin da shi da kansa ya fara nuna min ne. Na tafi a hankali. Ta madubi ina ganinsa, ya sauke gilashi, ya leƙo da kai waje kamar yaro. Can ya ce in tsaya. Ya fito, ya dafa motar, ya ɗaga kai sama, ya daɗe a haka.

Ya ce, "Tun ina saurayi nake bi ta nan, da raƙumi, da ƙafa, da mota. Idona yana ƙasa ina neman sawu, ko yana can nesa ina neman hadari." Ya sake kallon bangon. "Ashe dutsen nan ja ne."

Na ce, "Ja ne, Baba."

Ya ce, "To kashe motar."

Na kashe. Muka zauna a kan tsakuwa, ni da shi, har inuwa ta hau bangon ta rufe jan.